Zuwa ga Rabi, Mai Tafiya Yamai da Kwalayen Wasa

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Rabi, ɗiyata, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah shi sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ke da kayanki, shi tsare ki a hanya da bayan hanya, shi haɗa ki da mutanen kirki a Yamai. Ki gaishe mini da gwaggonki Hajo da maigidanta da yaransu duka.

Na ba innarki takardar nan ta sa miki cikin kwalin da kinka ɗaure da igiyar kaba, don na san shi za ki fara kwancewa. Kin san halina. In na kira ki da niyyar magana, sai in tambaye ki ko an ba awaki ruwa, in tashi in fita. Rubutun ma na yaƙi da jahilci ne, ki yi haƙuri da karkacewarsa. Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kinka baro shi. Wuraren da na yi tuntuɓe zan nuna miki, domin sana'ar nan da kinka ɗauka na riga ki shiga cikinta. Ni a kan tabarma na baza kayana, ke kuma a cikin waya kike baza naki, amma mutanen da ke saye da masu kawowa duk irin ɗaya ne.

Tun kafin a haife ki, har kinka fara wayo, da gwanjo nake ciyar da gidan nan. Ina bin kasuwanni, Filinge, Baleyara, Damana, wani lokaci har Sanam in an samu mota. Tufafi da takalma ne kayana, amma a cikin buhunan tarkace akan tarar da kayan wasa da anka riga anka mora a wata ƙasa: kwalin lido, allon dam, karta, da wasan nan na haruffa da ƴan lakkol, yaran makarantar boko, ke haɗa kalmomin Faransanci da shi. Ban ɗauke su a bakin komai ba. Gefen tabarma nake jefa su, wanda ya taya in ba shi.

Wata ranar kasuwar Baleyara wani malamin lakkol daga wajen Damana ya tsuguna gabana ya ɗauki kwalin lido. Mutum ne siriri mai sanyin murya. Ya tambaye ni ko komai na ciki. Na buɗe kwalin nan da safe, na san ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa ba ta ciki, kuma ƴaƴan wasan ma ba su cika ba. Na ce masa komai na nan. Motarsu tana ta kiran mutane, bai tsaya ya kwance robar da na ɗaure kwalin da ita ba, ya biya ya tafi da sauri.

Da kasuwa ta zagayo sai ga shi. Na gyara zama, na shirya faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, sannan ya ba ni labari. Ɗansa ne ya faɗo daga kan amalanke ya karye a cinya, an ɗora shi, yana kwance ba ya motsi, shi ne ya yi masa alkawarin abin da zai ɗauke masa kewa. Yaron ya sa an kira masa abokansa sun kewaye shimfiɗar tun kafin uban ya iso. Anka buɗe kwali, anka shimfiɗa allo, anka rasa abin jefawa. Abokan sunka zauna kaɗan, sunka watse ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce mini: "Da ka faɗa mini, da na saya duk da haka. Da na biya ta wurin masassaƙi kafin in shiga gida."

Na miƙa masa kuɗinsa, ya ƙi karɓa. Shekaru bayan haka yana wucewa ta gaban tabarmata, yana yi mini sallama da fara'a, amma bai sake tsugunawa ba.

Rabi, wanda zai saya a wurinki ma ya fi wannan malami rauni. Shi malamin kwalin yana hannunsa, gaggawa ce ta hana shi buɗewa. Naki mai saye yana wata unguwa ko wani gari, hoto kawai yake gani, sai abin da kinka rubuta a ƙarƙashinsa. Na ga yadda kike shimfiɗa farin zane a inuwar ɗaki, ki jera kaya, ki jira haske ya yi daidai. Yana da kyau. Amma ki ɗauki gefen da ya yage kamar yadda kike ɗaukar gefen da ke ƙyalli. In ƙwaya ta ɓace kin maye ta da wadda anka sassaƙa, ki rubuta haka. Wanda zai fasa saye don kin faɗi gaskiya, dama zai dawo miki da rigima. Kuma ki riƙa tunawa, ba kasafai mutum ke sayen abin wasa don kansa ba. Akwai wanda ke jira a gida.

Kin san Baba Arzika, wanda kike kai wa fura in ya shigo gari ranar kasuwa. Azne ne, gidansu ba su bar al'adar kakanni ba, suna yankansu, suna borinsu, kuma tun muna samari ni da shi muke dara. Yana da allon dara na itacen ƙirya da ubansa ya sassaƙa, gurabensa sun yi santsi sun yi baƙi saboda yawan hannu. A kan jaki yake ɗauro shi, in kasuwa ta yi sanyi mu zauna bayan rumfata mu buga har a fara naɗe kaya.

A shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi ya ƙone a tsaye, mutanen ƙauye sunka riƙa kawo kayan ɗakinsu kasuwa, ni kuma ina saye. Ranar nan Arzika ya zo ba jaki, ya riga ya sayar da shi, allon yana ƙarƙashin hammatarsa. Ya ajiye gabana. Na gane. Abin da ya kamata in yi shi ne in auna masa hatsi in ce ya mayar da allonsa gida. Muna da ɗan abin da ya rage a rumbu a lokacin, ba zan ce ba mu da shi ba. Amma bakina ya saba da ciniki. Na juya allon, na nuna masa tsaguwar da ke gefe, tsaguwar da na sani tun muna samari, na taya shi kamar yadda nake taya baƙo. Ya dube ni, ya dubi allon, ya ce ya sallama. Wata bai ƙare ba na sayar wa wani mutumin Yamai mai tara tsofaffin kaya yana kai wa Turawa.

Da damina ta gaba ta yi kyau, bayan an yi girbi, sai ga Arzika yana jan ɗan rago, ya zo fansar allon ubansa. Na faɗa masa inda ya tafi. Ya tsaya yana shafa wuyan ragon. Can ya ɗaure shi a jikin rumfa, ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ce: "To, ƙasa tana nan." Ya fara tona gurabe da yatsa. Munka buga. Har yau a ƙasa muke bugawa, kuma bai sake ambatar allon ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Kin ce mini a Yamai za ki riƙa saye a wurin masu gwanjo da kuma gidajen da ke tashi. Ki sani, kayan hannu ba ya fitowa daga gida haka kawai. Wani yaransa ne sunka girma, wannan ba komai. Wani aiki ne ya ƙare, wani aure ne ya mutu, wani kuma mai wasan ne ya rasu, ganin kwalin yana hana uwar barci. Ki dubi fuskar mai kawowa kafin ki dubi kayan. Kada ki kushe abin mutum don ki rage masa kuɗi, ki faɗi abin da za ki iya biya ki yi shiru. In kin ga hannunsa yana jinkirin saki, ki saya, amma kada ki yi saurin sa hotonsa a waya. Ki ajiye shi gefe na ɗan lokaci. Ribar da za ta jira ba ta kai nauyin abin da na ɗauka a kan Arzika ba.

Yanzu zan zo kan maganar wanki, wato yayanki. Kin san ban taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, haka munka tarar ana yi, ko a takarda hannuna ba zai rubuta shi ba. Kina ƙarama lokacin da abubuwan nan sunka fara, abin da kinka sani daga bakin innarki kinka ji, ita kuma tana rufa mini asiri.

Tun yana yaro yake zama kusa da mu in muna dara, ya zuba ido kawai. Wata rana Arzika ya tashi zuwa duba ragunansa, ya ce yaron ya riƙe masa wasan. Mutane suna tsaye a kanmu. Kafin Arzika ya dawo, wanki ya cinye ni. Ba da sa'a ba, ya shirya mini tarko tun daga nesa, na shiga ina gani. Mutane sunka yi dariya, wani ya ce Ibro ya haifi wanda ya fi shi. A cikin raina wani daɗi ya taso wanda ban taɓa jin irinsa ba. Amma abin da na yi shi ne na sa ƙafa na share guraben, na ce masa ya tashi ya je ya tsare kaya, nan ba wurin yara ba ne. Ya tashi yana kallon ƙasa. Ban sake bugawa da shi ba har ya bar duniya.

Da ya zama saurayi, lakkol bai karɓe shi ba, gona kuma rabin shekara ce. Sai ya tattara kwalayen wasan da sunka yi kwantai a wurina, waɗanda ba su cika ba. Ya zauna da ƴar wuƙa yana sassaƙa ƴaƴan da sunka ɓace da itacen aduwa, yana shafa musu fenti, yana liƙe allunan da sunka rabe. Ya kafa rumfa kusa da tasha, ya sa benci da tukunyar shayi. Samarin fada masu zaman hira da masu jiran mota sukan zauna su yi lido ko dam, su sha shayi, su ba shi ɗan abin da ya samu. Innarki ta ce mini ya fara sayo mata sabulu da sukari. Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Sai magana ta fara zuwa mini a ƙofar masallaci. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce ɗana ya buɗe gidan caca, wani ya ce ƴaƴan mutane suna barin sallah a can. Kunya ta kama ni. Tsakanin masallaci da rumfar nan tafiya ce ƴar kaɗan, amma ban taɓa zuwa na zauna na ga abin da ake yi ba. Ranar da na je, da fushi na je. Da hantsi ne, mutane cike. Na kifar da bencin, na tsinke igiyoyin rumfar, na kwashe kwalayen na zuba a buhu a gaban abokansa. Bai ɗaga murya ba, bai riƙe hannuna ba. Ya tsaya da butar shayi a hannu, ya ce: "Baba, ka taɓa zama ka gani?"

Na juya masa baya. Na saɓa buhun na kawo gida na jefa a tsohon rumbu.

Bai yi wata biyu a gari ba bayan haka. Ya bi samarin da ke tafiya haƙar zinari can arewa, bayan Agadas. Ya zo ya durƙusa ya yi mini sallama, na ce Allah shi kiyaye, ban ɗaga kai daga igiyar da nake tufka ba. In ya samu inda waya ke kamawa yakan kira innarki. Takan miƙo mini, in ce ta gaishe shi, hannuna da aiki. Ba aikin komai. Jira nake ya fara ba ni haƙuri, alhali ni ne da bashin haƙurin. Shekara ta zagayo, innarki ta roƙe shi ya dawo ko don noma. Ya ce mata ba zai shigo Filinge hannu wofi ba, sai ya samu abin da zai nuna wa babansa.

Sauran kin sani. Ina gona ina maimai anka aiko ki ki kira ni, kina gudu ba takalmi. Rami ya rufta da shi da abokan haƙarsa. A can anka yi musu sutura, ko kabarinsa ban sani ba.

Abin da ba ki sani ba shi ne maganar da abokinsa ya yi mini, wanda ya kawo jakarsa, wani yaron Tondikandiya. A cikin jakar akwai riguna biyu da bargo, da wani kwali da ya zana allon dam a kai da gawayi, da marafan kwalba a ƙulle a tsumma. Yaron ya ce a wurin haƙar akwai masu caca da yawa, mutum kan rasa abin da ya yi wata yana tonowa a zama ɗaya, amma wanki bai taɓa sa ko dala ba. Shi ne ma ke janye ƙananan cikinsu daga wurin masu karta, ya zaunar da su ya koya musu dam da dara. In sun yaba masa, sai ya ce ai ba su ga komai ba, su je Kurfai, ƙasarmu ta Filinge, su ga babansa, duk ƙasar babu mai cinye shi.

Babu mai cinye ni, Rabi. Haka ya faɗa musu, shi da ya cinye ni yana yaro.

Ba na faɗa miki wannan don ki yi kuka a gidan mutane ba. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma hanyar da ya bi ya je ya same shi, ni na nuna masa ita. Ki ɗauki abin da za ki ɗauka a ciki. In an kawo miki maganar wani, ko abokiyar sana'a, ko ɗan gwaggonki, ko wanda za ki aura wata rana, ko ɗan da za ki haifa, ki taka da ƙafarki ki je ki gani kafin ki yanke hukunci. A cikin waya magana ta fi gudu, na ga yadda kuke tura wa juna abu kafin ku gama saurare. In wani ya yi abin kirki a gabanki, ki faɗa masa a ranar. Kunya tana da wurinta, ban ce ki yar da ita ba, amma ni na ɓuya a bayanta na hana yaro kalma ɗaya da yake nema. Kuma in waya ta yi ƙara kinka ga wanda kuke fushi da juna ne, ki ɗauka.

Kwanakin zaman makoki mutane sun zo da yawa, har da dattawan da sunka kai mini maganar caca. Sun yi addu'a, Allah shi saka musu. Arzika bai iya irin addu'armu ba. Ya zo ya zauna a bakin zaure, nesa da tabarmar malamai, kullum har anka watse. Da anka share makoki, kowa ya koma harkarsa, ni kuma na kasa fita ko ƙofar gida, sai ya shigo ya zauna kusa da ni ya tona gurabe a ƙasa, ya karya karan hatsi ya miƙo mini rabona. Na ce ba zan iya ba. Ya ce in sa ɗaya kawai. Na sa. Ban ga guraben sosai ba saboda idona, shi ma bai yi ƙoƙarin cinye ni ba. Haka ya riƙa zuwa daga ƙauyensu a ƙafa har na fara fita. A Yamai za ki zauna da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, da masu zuwa coci, da waɗanda ba ki san abin da suke bauta wa ba. Ki riƙe sallarki da kyau. Amma kada ki auna mutum da nisan tabarmarsa daga taki.

Ranar da kinka shiga tsohon rumbu neman kaza kinka fito da buhun nan, ina zaune ina ganinki. Kin zazzage shi a tsakar gida, gara ta ci wasu, wasu sun tsira. Kin yi kwanaki kina gogewa da tsumma, kina jerawa, kina tambayar innarki wannan na wane wasa ne. Da kinka gama lakkol aiki bai samu ba, kinka fara sa hotunansu a waya, na bi ki da ido. Da kwalin farko ya tafi Yamai a motar kasuwa, na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba. Na san kin ɗauka fushi nake, kina jiran ranar da zan yi miki abin da na yi wa wanki. Na lura kina ɓoye wayar in na shigo. Ba fushi ba ne. Ƴaƴan dam ɗin da ke cikin kwalin nan hannunsa ne ya sassaƙa su, ina jin kamar shi ne ya sake shiga mota. Daga baya innarki ta ce matar da ta saya ta aiko miki da hoton yaranta sun kewaye allon suna dariya. Kin nuna wa innarki, kin nuna wa maƙwabta, ni ba ki nuna mini ba, ni kuma ban tambaya ba. In hoton yana nan, ki turo shi a wayar innarki. Ina so in gani.

Ga kuma abin da ke hana ni sukuni, ki saurare ni ko da kin riga kin sani. Wanda ke magana da ke ta waya ba ki ga idonsa ba. Kada ki kai kaya gidan wanda ba ki sani ba, ko da muryar mace kinka ji. Ku haɗu a bakin kasuwa ko a ƙofar butik ɗin mijin gwaggonki, shagon nan nasa, da rana, inda mutane ke wucewa, in nesa ne ki ba ɗan kabu-kabun da gidan sunka sani. Wanda ya fara da tambayar lido ya koma tambayar ko kina da aure, ki rufe maganar, ba sai kin yi masa rashin kunya ba. Wanda ya ce ya turo kuɗi, ki gani da idonki kafin kaya ya fita. In an cuce ki, kuma za a cuce ki wata rana, kowane ɗan kasuwa an yi masa, kada ki rama a kan mai saye na gaba, shi bai yi miki komai ba.

Gidan Hajo ba masauki ba ne, gidanku ne, ki tashi ki yi shara ki ɗora tukunya kafin ki ɗauki waya. Ƙanwata ce, tana da faɗa, amma cikinta fari ne. In ta yi miki tsawa ki yi shiru, zuwa la'asar za ta kira ki ku ci abinci kwano ɗaya. Kuma kada ki zama irina, da na yi shekaru ina sayar da lido ban taɓa zama na buga da ƴaƴana ba. Wani lokaci ki buɗe kwali ɗaya ki zauna da yaran gidan, ki bar su su cinye ki, ki yi dariya.

Maganar da ta fi duka ita ce wannan, in kin manta sauran kada ki manta ta. In sana'ar ba ta karɓe ki ba, ki dawo. In kaya sun yi kwantai, in wayar ta ɓace, in kin ji garin ya yi miki nauyi, ki shiga mota ki taho. Ba wanda zai tambaye ki me kinka kawo. Ba ki da abin da za ki nuna mini, na riga na gani. Na ga yarinyar da ta ɗauki abin da ubanta ya jefar, ta wanke shi ta mai da shi abinci. Ko da hannu wofi kinka shigo Filinge, ɗakinki yana nan, hatsi yana rumbu, ni kuma zan fito in karɓi jakarki a gaban kowa. Wannan maganar ce ban aika wa wanki ba.

Gobe ba zan raka ki tasha ba. Innarki da ƙannenki za su je. Na san za ki duba ki ga ba ni, ki ce har yau Baba bai yarda ba. Na yarda, Rabi, na sa miki albarka tun ranar da kinka faɗa. Tashar ce ba na iya tsayawa a cikinta, wurin rumfar yana nan, yanzu wata mai tuyar ƙosai ke zama a kai. Zan fita gona tun da sassafe. Motarku za ta bi ta gefen gonarmu ta bakin kwalta, bayan an wuce gidajen ƙarshe. Akwai babban gawon nan a hannun dama. Zan tsaya a gindinsa da hauyata har ku wuce. Lokacin da kike karanta wannan kin riga kin wuce, ban sani ba ko kin waiwaya, ko kina ta wancan gefen an matse ki da kaya. In kin ga mutum a tsaye, ni ne. In ba ki gani ba, ina wurin.

Allah shi kai ki lafiya, shi tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin abin da ba a gani. Allah shi sa albarka a hannunki, shi ba ki masu saye masu amana, shi sa ke ma ki zama mai amana gare su. Allah shi jiƙan wanki, shi yalwata masa inda yake kwance, shi gafarta mini. Allah shi nuna mini ranar da za ki sauko daga mota da ƙafafunki.

Innarki tana gaishe ki, ta ce yajin yana cikin gwangwanin madara, kada ki bari ya sha iska.

Ni ne babanki,
Ibro, daga Filinge.